Kapitan Hashimu da Jirgin Shayi

Duk wanda ya taɓa zama a fadarmu ta gindin bedi, wato dogon yaro, nan cikin Tawa, ya san Hashimu. In ma bai san Hashimu ba, to ya san Kapitan, don sunan da ya raɗa wa kansa ke nan tun ranar da ya sauko daga motar Abijan da farar hula mai baki a gaba, irin ta masu tuƙa jirgin ruwa.

Mu Adarawa an san mu da tafiya biɗa. A gama girbi, a ɗaure jaka, a nufi bakin teku neman abin kai, in damina ta kawo jiki a dawo. Kowa da tsarabarsa. Wani rediyo, wani atamfa, wani ciwon baya. Hashimu shi da teku ya dawo, cike da bakinsa. In ka ce ruwan randa ya yi sanyi, sai ya ce ai ba ka taɓa tsoma yatsa a tsakiyar teku ba. In babur ɗin wani ya ƙi tashi, sai ya kara kunne, ya girgiza kai, ya ce injin da yake kula da shi a jirgi sai an hau tsani kafin a ga kansa. Ni taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, saboda haka tsokanarsa gadona ce, ba mai hana ni.

To a bara abin ya wuce wasa. Gwiwoyin Kapitan sun soma ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya gaji da biɗa, ba ya ko son jin sunan hanyar kudu. Matarsa Zuhura kuma ta faɗa masa a fili, a gaban kaji da awaki:

"Baban Sharifa, mun ci labarin teku da sahe, mun ci da rana, har yanzu ba mu ƙoshi ba. Ko ka samu aiki nan Tawa kahin a gama girbi, ko in wanke maka jakarka."

Ana cikin haka sai ƙungiyar masu garka, wato masu lambun albasa na bakin tabki, ta samu sabon injin ban-ruwa, ja wur da shi. Aka shiga neman wanda za a danƙa wa makullin ɗakin injin, ya tada, ya kashe, ya kula da lafiyarsa. Aiki ne na zaune, a inuwa, kusa da gida. Kapitan na jin labari ya ce ai tun a Abijan ya yi mafarkin wannan injin.

Ranar da shugaban ƙungiyar, Alhaji Abdurazak, ya biyo ta fada, Attahir na kan dafa mana shayi. Attahir mutumin arewa ne, ɗan Buzaye, shi ke riƙe da shayin fadarmu, da wata shuɗiyar buta da yake ji da ita kamar ɗiyar fari. Kapitan ya yi zumbur ya miƙe, ya gyara hula.

"Alhaji, barka da hantsi. Na ji kuna biɗar mai inji. Ku huta da wahala, ga ni."

Alhaji ya dube shi tun daga hula har silifa. "Hashimu, ka taɓa tada injin ruwa?"

"Ni? Alhaji, wanga injin naku, a jirginmu da irinshi mu ka hura gawayi."

"To madalla. Sai dai mu manoma na, sai mun ga abu da idonmu. Gwada muna wani abu da hannunka."

Da mai hankali ne, sai ya ce a kawo wani tsohon inji ya kwance ya ɗaura. Kapitan kuwa ya buga ƙirji har sai da ya yi tari.

"Zan ƙera muku jirgin ruwa! Ƙarami, tsawon hannu, amma mai injin tururi na gaskiya, da tukunyarshi da hayaƙinshi. In sake shi daga wancan gehen tabki, ya taho da kanshi har gaban ƙahwarka. In ya iso, makulli nawa na."

Na ce, "In bai iso ba fa, taubashi?"

"Kai yi muna shiru. Ka taɓa ganin ruwan da ya hi na butar alwala?"

Alhaji ya yi murmushi, ya karɓi kofin shayi, ya kurɓa. "Mun ji, mun yarda. Ranar taron ƙungiya, bayan la'asar, gaban kowa da kowa."

Maƙwabcin Kapitan shi ne Mushe Sila (Mushe muke ce wa malamin boko), malamin kimiyya a kwaleji, mutumin Dogon Dutsi, mai sanyin hali. Ya taɓa haɗa wa ɗalibansa ɗan ƙaramin injin tururi, saboda haka da ya ji labari ya leƙo da kansa.

"Kapitan, ka fara zaɓen inji tukuna, sannan ka zaɓa masa tukunya daidai cikinsa. In tukunya ta yi girma, jirgi ya nutse. In ta yi ƙanƙanta, inji ya yi ta hamma. Ga jirgi mai tsawon hannu, gwangwanin tumatir ya ishe ka. Kuma don Allah ka bar wa tururi ƴar kafar da zai fita in ya yi yawa. In ba ka bar masa ba, shi zai buɗe wa kansa."

Kapitan ya ja da baya kamar an zage shi. "Gwangwanin tumatir? Mushe, in tsaya gaban alhazan Tawa da gwangwanin tumatir? A ce Kapitan ya kawo miya?"

"Ba girman ake dubawa ba, daidaito ne."

"Mushe, ina girmama ka. Amma kai a takarda ka ga jirgi, ni cikinshi na kwana. A Abijan tukunya a ka hwara zaɓe, babba, wadda in mutum ya yi magana cikinta sai ta amsa mishi. Inji shi biyo baya."

Mushe ya ɗaga kafaɗa ya koma gida.

Kashegari, Zuhura na fita barka, Kapitan ya shiga madafa ya sunkuto tukunyar tuwon suna, wadda sai mata biyu ke sauke ta. Jikin jirgi kuwa, ya kwashe kwamin itacen da ake zuba wa ragonsu dussa. Ya nufi kududdufin bayan unguwa, tukunya a ka, kwami a hammata, rago na biye da shi yana kuka yana tunkuyar gwiwarsa ta baya. Mu kuma muna biye da rago.

Ya cika tukunya da ruwa, ya ɗora ta a kwami, ya ce kowa ya ja baya. Ya yi bisimilla ya tura. Jirgi bai ko yi sallama da mu ba. Ɗan ƙugi guda muka ji, ɓulum, sai kumfa.

"Taubashi," na ce, "jirgin ƙarƙashin ruwa ka yi muna?"

Sai da aka aro ƙugiyar da ake ciro guga daga rijiya aka yi ta lalube. Tukunya na fitowa, baƙa ƙirin da laka, kwaɗi biyu zaune a ciki kamar sun biya kuɗin mota, sai ga Zuhura da mayafinta na barka.

"Inna lillahi! Baban Sharifa! Tukunyar da anka yi tuwon sunan ɗiyanka duka, ita ka kai ma kwaɗi?"

"Ke ba ki san aikin ba. Gwajin nauyi na. Ko a Abijan, jirgin hwarko nutsar da shi a kai don a san zurhin ruwa."

"To ka san zurhin?"

"Na sani."

"Saura ka san zurhin toka da soso. Ɗauki ka bi ni."

Da la'asar duk wanda ya leƙa gidan ya ga Kapitan durƙushe, hula a ka, yana dirzar gindin tukunya, rago na tsaye a kansa yana jiran a maido masa kwami.

Bai daddara ba. Ya ce laifin itace ne, itace ya cika shan ruwa. Ya samo bidon, wato jarkar mai ta roba, ya tsaga shi biyu, ya ce ga jiki mara nauyi. Tukunya kuwa ya sauko zuwa babban gwangwanin madara, amma ya gargaɗe mu kada wanda ya kira shi gwangwani, sunansa tukunya mai lamba biyu. Inji kuma ya aro famfon hura tayar keke wajen mai faci, ya ce ai duk inji abu ne mai shiga da fita, wannan ma yana shiga yana fita. Ya haɗa su da tiyo, ya zaunar da ɗan murhun gawayi a cikin bidon, a tsakar gidansa, ya hau fifita.

Abin da Kapitan bai sani ba, a cikin famfon keke akwai ƴar fata. Tururi na shiga, fata ta soma dahuwa. Wani ƙamshi ya tashi, ya haura katanga, ya bi lungu. Ba a jima ba sai ga sallama, Kande maƙwabciyarsu ta bayan gida ta shigo da kwano a hannu.

"Zuhura, ashe ganda ku ka dahwawa, ba ko labari? Haka a ka zaman maƙwabtaka?"

Zuhura na zaune a kan turmi, ta yi tagumi. Da haɓa ta nuna mijinta.

"Ga mai gandar nan. Tambaye shi."

"Kapitan, a sam muna ko romon na."

"Hajiya Kande, wanga injin jirgi na, ba abinci ba!"

"To injinka ya nuna, sauke shi kada ya ƙone."

Kafin ya ba ta amsa, bidon ɗin ya yi laushi, ya kwanta kamar kitse a rana. Murhu ya zurma, gawayi ya watse a kan tabarmar sallar Kapitan, gwangwani ya kife. Ya yi ta tsalle yana taka wuta da silifa, silifar ma ta kama narkewa. A ƙofar gida kuwa an riga an yi layi, kowa da kwanonsa, har da mai facin da ya zo karɓar famfonsa. Da aka buɗe masa famfon ya ga fatar ta kumbura ta yi luguf, ya shinshina, ya ce, "Gishiri kaɗai ta rasa."

"Gwajin zahi na," in ji Kapitan, yana tsaye da ƙafa ɗaya. "Kuma ya ci nasara. Yanzu mun san roba ba ta yi."

Ranar taro ta matso. Zuhura ta ga in aka bar shi haka gidan ma zai tashi, ta je ta roƙi Mushe Sila. Mushe ya tausaya. Ya sa masu ƙera bokiti suka lanƙwasa masa ɗan jirgi na kwano, ya samo sirinjin ƙarfe irin wanda ake yi wa shanu allura, ya ciro siririn bututun jan ƙarfe daga wani mataccen firigo, wato firji, ya yanka farfela daga marfin gwangwanin kifi. Ya zauna a fada ya haɗa su, Kapitan na tsaye a kansa yana cewa, "Yauwa, haka na so in ce maka." Saura tukunya.

Mushe ya zaro gwangwanin tumatir daga aljihu.

"Na rantse ba shi hawa jirgina," in ji Kapitan.

Sai idonsa ya sauka a kan shuɗiyar butar Attahir, tana zaune a kan gawayi tana sheƙi. Mushe ma ya bi ta da kallo, ya ɗan karkata kai.

"Gaskiya girmanta ya yi daidai da sirinjin. Ga hanci da za a sa bututu. Ga ƴar kafa a marfi, tururi zai samu wurin numfashi."

Attahir ya rungume butarsa da zafinta. "Kala! Kala! A'a, wallahi a'a! Butar ga tun daga Abalak ni da ita. Ba ta taɓa kwana hannun wani ba."

"Attahir, ɗan uwana," in ji Kapitan, ya dafa shi, "mi ta samu a duniya ban da gindin bedi? Bari ta ga ruwa. Gobe in ana labarin jirgin hwarko na Adar, butar wa za a ce? Kuma sunan mahaihiyarka za mu sa ma jirgin."

Attahir ya sassauta riƙon butar. "Lalla?"

"Lalla. Da jan fenti, gehe da gehe."

Da haka aka ci Attahir. Mushe ya zuba ruwa rabin buta, ya haɗa bututu, aka fifita gawayi. Can sai muka ji caf, caf, caf-caf-caf, sirinji ya kama rawa, farfela ta juya har ba a ganinta. Duk muka yi kabbara. Wanda ya fi kowa firgita Kapitan ne, don sai da ya yi tsalle ya faɗa bayan benci. Ya taso yana kakkaɓe riga.

"Kun gani? Abin da ni ka hwaɗa muku tun hwarko."

Mushe ya ce ranar taro yana da aiki a makaranta, zai iso a makare. "Ruwa mai tsabta, rabin buta. Kafar marfi kuma kada wanda ya taɓa ta. Kapitan, ka ji?"

"Mushe, kifi za ka koya ma wanka?"

Ranar taro, bayan azahar, muka hallara a gefen tabki muna shiri. Kapitan ya sa farar riga, ya goge hula. Aka zuba ruwa a buta, aka ɗora a kan ɗan murhun cikin jirgi. Attahir na tsugune, yana kallon butarsa, fuskarsa kamar an yi masa rasuwa.

Na ce, "Mi ya hwaru, Attahir?"

"Buta bisa gawayi, ruwa tsura cikinta? Garinmu ko makoki a kai ba a yin haka. Wuta na ci, ruwa na tahwasa, kuma ba mai shan komi? Wagga ɓarna ta."

Duk fada aka ce gaskiya ne. Mu dai tun da muka tashi ba mu taɓa ganin an hura gawayi ƙarƙashin buta an tashi a banza ba. Na matso kusa da Kapitan.

"Taubashi, wai a jirgin Abijan ba a ba manyan baƙi shayi?"

Idonsa ya kawo haske. Ya ɗaga yatsa sama.

"Jama'a! Jirgin da kanshi za shi kai ma Alhaji shayi! Ya dahu bisa hanya, ya iso da zahinshi. Ko Turawa ba su yi wagga dabara ba. Attahir, zuba ganye!"

Attahir ya farfaɗo nan take. Ya zuba ganye cike da tafi. Kapitan ya ce a ƙara, Alhaji na fari yake so, wato shayin dahuwar farko, mai kauri. Aka zuba sukari, aka ƙara sukari. Wani ya ce ƴan kwamiti fa suna da yawa, kada shayi ya kasa, saboda haka aka cika buta har wuya. Kande ta miƙo na'ana'a daga bakin zanenta. Aka jera kofuna a goshin jirgi. Kapitan ya ɗaure marfi da waya, ya murɗe tam.

Ruwa ya soma zafi, sai ga wani siririn tururi na fita ta kafar marfi, yana ɗan fito. Kapitan ya tsura masa ido.

"Kun ga ɓarawo? Ƙarhin jirgina na ka gudu ta nan."

"Mushe ya ce kada a taɓa," in ji Attahir.

"Mushe albashi garai, bai san asara ba."

Ya tsinci ƙusa, ya cusa a kafar, ya buga da dutse. Fito ya tsaya.

A ɗaya gefen tabkin kuwa gari ya cika. Ga masu garka, ga mata masu wanki, ga ƴan kabu-kabu sun jera babura, ga makiyaya sun kawo shanu shan ruwa sun fasa tafiya. Alhaji Abdurazak na zaune a kujera daf da ruwa, cikin farar shadda sabuwa fil, ƴan kwamiti a bayansa, makullin ɗakin inji a hannunsa yana kaɗawa. Zuhura na can gefe ta harɗe hannu.

Kapitan ya sara wa jama'a irin ta soja, ya saki Lalla.

Wallahi ta tafi. Caf-caf-caf, hayaƙi na tashi, kofuna na ƙara, ruwa na rabewa a gabanta. Kande ta rangaɗa guɗa. Ƴan kabu-kabu suka danna oda. Kapitan ya kama gudu yana zagaya tabki, muna biye da shi, ya manta da ciwon gwiwa, yana ihu:

"Ku gani da idonku! Wa ya ce gwangwanin tumatir? Alhaji, shirya makulli! Zuhura, maida jakar ga ƙarƙashin gado!"

Jirgi ya wuce tsakiya, sai murya ta sauya. Caf-caf ta koma cafal, cafal, kamar tsoho na tauna goro ba haƙori. Shayi ya tafaso ya bi bututu, ganye ya cushe hanya, sukari ya shiga sirinji ya kama shi kamar alewa. Farfela ta juya sau ɗaya, ta yi tunani, ta tsaya. Gawayi kuwa bai san an tsaya ba, sai ci yake. Iska ta ɗauki Lalla tana turawa sannu sannu wajen kujerar Alhaji, buta na wani irin gurnani daga ciki.

Daidai nan Mushe Sila ya iso a kan keke. Ya saurara, ya ƙura ido, ya yar da keken.

"Ina fiton? Wa ya toshe kafar? Me kuka zuba a ciki?"

"Na hwari," in ji Attahir. "Da na'ana'a."

Mushe ya ɗora hannu a ka. "Jama'a ku ja baya! Kapitan, shiga ka watsa wa gawayin ruwa, maza!"

Duk ido ya koma kan Kapitan. Ya dubi ruwa, ya dubi jama'a. Ya naɗe wando, ya sa ƙafa ɗaya kamar mai taɓa maciji. Ruwa ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri. Yana kaiwa gwiwa, laka ta riƙe shi, silifa ta tafi. Sai muka ji wata ƙara da ba mu taɓa jin irinta daga bakin namiji ba.

"Wayyo Allah! Ku kawo igiya! Ban iya ruwa ba!"

Kusa da shi wani ɗan maraƙi na tsaye yana shan ruwa, ko cibiyarsa ruwan bai taɓa ba.

"Kapitan!" in ji wani ɗan kabu-kabu. "Kai da ka kwana cikin teku?"

"Wane teku! Baro ni ka turawa ƙohwar tashar jirgi! Ko gadar shiga jirgi ban taɓa hawa ba! Ku hidda ni, ina da iyali!"

Tabki ya ɗauki dariya har shanu suka ɗaga kai. Alhaji kuwa kunnensa ba ya ji sosai, kuma dariya ta hana shi jin gargaɗin Mushe. Ƴan kwamiti sun riga sun watse, shi yana zaune, ya ga jirgi ya matso saura ƴan taku, ya sunkuyo yana murmushi.

"To, ya iso ke nan?"

Kapitan, daga cikin laka, ya manta da mutuwa. "Ya iso! Jama'a ku shaida, ya..."

Buum!

Tsuntsayen bakin tabki suka tashi gaba ɗaya. Marfi ya yi sama yana juyi. Shanu suka zabura suka bi ta cikin irin albasar ƙungiya, makiyaya na binsu, masu garka na bin makiyaya. Sai aka yi ruwan shayi. Allah ya taƙaita, ya sha iska kafin ya sauko, bai ƙona kowa ba, amma farar shaddar Alhaji ta koma kamar fatar damisa, ganye a hula, ganye a gemu, reshen na'ana'a a bayan kunne. Lalla ta karkata, ta nutse da kofunanta. Can sai ga marfi ya dawo daga sama, ya faɗo tim a cinyar Alhaji, ƙusar na nan a jikinsa.

Attahir ya shiga ruwa da rawaninsa, ya lalubo butarsa, ta tsage tun daga hanci har gindi. Ya rungume ta yana magana da ita da yarensu.

Alhaji ya lashi gefen gemu.

"Attahir, hannunka na nan. Sukari ya ji." Ya juya wajen Kapitan, wanda aka jawo da sandar makiyayi, laka har ƙugu. "Hashimu, shayi ya iso. Jirgi bai iso ba."

"Alhaji, a yi adalci! Ga marhi nan bisa cinyarka. Marhi na buta na, buta ta jirgi ta. Ashe jirgi ya iso!"

Alhaji ya ɗaga marfin, ya juya shi, ya duba.

"Gaskiyarka. To marhin za mu ba makulli."

Ya jefa makulli a aljihu, ya ce wa ƴan kwamiti daga yau ko inuwar Hashimu ta gitta ƙofar ɗakin inji a kira shi. Zuhura ta juya ta nufi gida. Muna komawa unguwa muka tarar da jaka a kan igiya, an wanke ta tana ɗiga.

Da aka gama girbi muka raka shi tasha, ni da Mushe da Attahir, wanda fada ta haɗu ta saya wa sabuwar buta amma har yau yana cewa shayinta ba ya kai na waccan. Motar kudu ta cika, sai direba ya buɗe gaba don ya ƙara ruwa, wani ɗan tururi na fita ta bakin lagireto. Kapitan ya ajiye jaka, ya soma naɗe hannun riga.

"Direba, ka ga ƙarhin motarka na gudu? Samo mini ƙusa."

Ban san tasha ta iya haɗa kai haka ba. Ƴan kamasho, masu tallan ƙwai, fasinjoji, har wata tsohuwa mai zuwa Konni, duk suka yi kansa. Ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba sai a kujerar ƙarshe, can baya, tsakanin buhunan albasa, aka sa ƙarti biyu suka zauna gefe da gefensa. Direba ya rufe gaban mota, ya zagaya ya tabbatar ya rufu.

Mota ta tashi. Tana kaiwa bakin ƙofa sai ga farar hula ta leƙo ta taga.

"Mushe! Adana mini sirinjin ga! In na komo, jirgin sama za mu yi!"

Mushe ya dube ni, na dube shi. Attahir kuwa ya tura sabuwar butarsa cikin riga, ya riƙe da hannu biyu.